Sawu ko Gyauro? Tsokaci a Kan Kalmar "Vestigial" da Yadda Ake Fassara Ta da Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali ne daga wani darasi da na zauna na saurara a wata makarantar dare a Agege ta Legas, inda ake shirya 'ya'yan Hausawan unguwar domin jarrabawar kammala sakandare. Malamin ilimin halittu yana koyarwa da Ingilishi, yana kuma juyawa zuwa Hausa duk sa'ad da ya lura an bar yaran a baya. Da ya iso kan abin da littafin ya kira "vestigial organs", sai ya ce da su ai waɗannan su ne gaɓoɓin da ba su da amfani a jiki. Wani yaro, wanda daga baya na ji cewa ɗan mahauci ne, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to in ba su da amfani, me ya sa ba a cire su tun mutum yana jariri, kamar yadda ake cire beli?"

Tambayar yaron daidai take da abin da aka gaya masa. Kuskuren yana cikin fassarar, kuma ba wannan malami kaɗai ke yin sa ba, domin na sha jin irinta a bakin masu koyarwa da masu tafinta. Manufar maƙalar ita ce ta bi diddigin kalmar zuwa tushenta na Latin, ta nuna abin da fassarar "marar amfani" ta zubar da abin da ta ƙaro daga aljihunta, sa'an nan ta auna wasu kalmomin Hausa da za su iya ɗaukar nauyin ma'anar.

2.0 Asalin Kalmar

Tushen "vestigial" shi ne sunan nan na Latin "vestigium", jam'insa "vestigia". Ma'anarsa ta farko ita ce sawu, wato alamar da ƙafar mutum ko ta dabba ta bari a ƙasa. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da tafin ƙafar kansa, da kuma duk wata alama da abu ya bari bayan ya wuce. Akwai aikatau "vestigare", bin sawu, wanda idan aka liƙa masa ɗafa-goshi "in-" yake zama "investigare". Daga gare shi ne Ingilishi ya sami "investigate", wato bincike. Abin sha'awa a nan shi ne Bahaushe ma ta wannan hanya ya bi: idan ya ce "bin sawu" ko "bin diddigi", bincike yake nufi, kuma hoton da ke cikin zancen na maharbi ne ko mai neman ɓataccen raƙumi, ya sunkuyar da kai yana karanta ƙasa. Haka kuma Rumawa kan ce "e vestigio" idan suna nufin abu ya faru ba tare da an gusa ba, mu kuwa mu ce "nan take". Duka biyun a kan taku aka gina su.

Kalmar ta shiga Ingilishi ta hannun Faransanci a matsayin "vestige". Tana cikin sunan littafin nan da Robert Chambers ya fitar a 1844 ba tare da sa sunansa ba, Vestiges of the Natural History of Creation. Siffar "vestigial" kuwa, wadda aka samar ta hanyar ɗafa-ƙeyar "-al", ta kankama ne a bakin masana ƙirar jiki a ƙarshe-ƙarshen ƙarni na 19. Charles Darwin, a littafinsa na 1859 kan asalin jinsunan halittu da na 1871 kan asalin ɗan Adam, ya fi amfani da wata kalmar, "rudimentary". Ita ma daga Latin take, daga "rudimentum", wanda ke nufin mafari ko gwajin farko, tushensa kuwa "rudis", ɗanyen abu da ba a sarrafa ba. Ke nan kalmomin biyu suna kallon fuskoki mabambanta. Ta Darwin tana iya sa mai karatu ya zaci abin bai gama girma ba ne, yana kan hanya, ita kuwa "vestigial" baya take dubawa, tana cewa wani abu ya wuce ta nan, ga abin da ya bari.

Abin lura shi ne babu ko ɗigon ma'anar "amfani" ko "rashin amfani" a cikin wannan tushe. Sawu labarin wucewa yake bayarwa. Masu fassara kimiyya zuwa Larabci sun kiyaye wannan, domin ɗaya daga cikin sunayen da suke ba irin waɗannan gaɓoɓi an ciro shi ne daga "athar", wato sawu ko alama, tushen da ya ba Hausa kalmar "tasiri". Ɗalibin da ya yi karatu a Markaz ta Shehu Adamu Abdullahi al-Ilori, wadda ke nan Agege tun cikin shekarun 1950, ba zai sha wahalar gane wannan ba.

3.0 Inda "Marar Amfani" ta Kauce

A wurin masana, ana kiran gaɓa da wannan suna ne idan ta rage girma ko ta bar babban aikin da takwararta ke yi a jikin wasu halittu masu kusanci da mai ita. Sharaɗin bai ce sai ta rasa kowane irin aiki ba. Darwin da kansa ya yi nuni da cewa gaɓa tana iya barin aikinta na asali ta ci gaba da yin wani. Ya kuma kawo wani kwatance da ya kamata ya burge manazarta harshe: ya kamanta irin waɗannan gaɓoɓi da haruffan da suka saura a rubutun kalma bayan an daina furta su, waɗanda mai neman asalin kalmar ke dogara da su.

Tarihin kimiyyar ma ya isa ya sa mai fassara ya yi hattara. A 1893 wani masani Bajamushe, Robert Wiedersheim, ya jera sassa 86 na jikin mutum waɗanda yake ganin sun rage daga matsayinsu na da. A cikinsu akwai 'yar tsokar nan ta tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira "pineal", da wadda ke bayan ƙashin ƙirji mai suna "thymus". A 1958 Aaron Lerner da abokan aikinsa suka gano sinadarin melatonin da ta farkon ke fitarwa, wanda ke da hannu wajen daidaita barci da farkawa. A 1961 Jacques Miller ya nuna cewa ta biyun ginshiƙi ce ta garkuwar jiki. Da an ce wani ya rubuta wa yaran makaranta littafin Hausa a 1950 ya kira su "marasa amfani", da cikin shekara goma sha ɗaya littafin ya zama abin kunya.

Misalin da aka fi kawowa shi ne 'yar jakar nan da ke rataye a mafarin babban hanji, a gefen dama na ƙasan ciki, wadda jama'a ke kira afendis. Cikakken sunanta "appendix vermiformis", ma'ana abin da aka rataya mai siffar tsutsa. Mutum yana rayuwa lafiya lau bayan an cire ta, wannan gaskiya ne, kuma idan ta kumbura cire ta ne ke ceton rai. Amma an san tana ɗauke da irin tsokar da ke aikin garkuwar jiki, kuma a 2007 wasu masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka kawo ra'ayin cewa matattara ce ta ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ke sake cika hanji bayan gudawa mai tsanani ta wanke shi. Haka nan ƙashin ƙarshen gadon baya, "coccyx", wanda Girkawa suka sa wa sunan wani tsuntsu saboda ya yi kama da bakinsa. Ƙananan ƙasusuwa ne uku zuwa biyar, a daidai inda wutsiya take a jikin dabba, amma jijiyoyi da tsokoki da dama a jikinsa suke kafe. Duk wanda ya taɓa faɗuwa zaune daɓas a kan siminti ya san ba a raina shi.

Illar fassarar ta biyu ta fi ta farko nauyi a tsakanin al'ummarmu. Yaron da ya tashi da sanin cewa ba a halicci kome a banza ba, idan malami ya ce masa kimiyya ta ce akwai abubuwan banza a jikinsa, to an haɗa shi faɗa da darasin tun kafin ya fahimce shi. Ba a musun cewa kalmar tana tafe da ra'in sauyawar halittu a bayanta, kuma wannan ra'i abu ne da mutane da yawa a cikinmu ke da ja a kansa. Sai dai aikin mai fassara shi ne ya kawo da'awar kamar yadda masu ita suka yi ta, domin mai karɓa ya san abin da ya karɓa, mai ƙi kuma ya san abin da ya ƙi. Wanda ya ce "marar amfani" ya sa wa masanan magana a baki, ya kuma ɓoye ainihin abin da suka faɗa.

Sai batun beli, wanda yaron ya tayar. Cire beli, ko belu, ko hakin wuya, daɗaɗɗiyar al'ada ce ta wanzamai a ƙasar Hausa, galibi a kwanakin farko na haihuwa, kuma al'adar ta bi Hausawa zuwa zangunansu na kurmi. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi kan abin da kan biyo baya na zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Sunansa na Latin, "uvula", ma'anarsa ɗan ƙaramin inabi. Yana taya ganɗa rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, yana kuma fitar da yawu mai jiƙa maƙogwaro. Malaman tajwidi ma sun san da zamansa, domin daga sunansa na Larabci suka ciro laƙabin da suke yi wa haruffan ƙaf da kaf. Bugu da ƙari, beli a cikakkiyar siffarsa kusan na ɗan Adam ne shi kaɗai, saboda haka da wuya a ce saura ne na wata babbar gaɓa da ke jikin dabbobi. Ashe ke nan fassarar da malamin ya yi ta ba wa wannan al'ada wata hujja ta boko wadda bokon bai bayar ba.

4.0 Shaida Daga Mayanka

Agege wuri ne da ya dace da wannan nazari. Layin dogo da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1912, ta nan ya ratsa, kuma cinikin goro da na shanu ne suka zaunar da Hausawa a wurin. Babbar mayankar Oko-Oba tana nan, inda mahauta ke feɗe shanu kullum safiya. Waɗannan mutane sun san ƙirar jikin dabba da hannunsu fiye da yadda ɗalibi ya san ta a takarda. Suna rarrabe tumbi da hanji da saifa da ƙoda da maɗaciya ko da idonsu a rufe.

A ɗauki ƙafar sa, wadda ake babbakewa a kai kasuwa. Kofato biyu ne ke taka ƙasa. A bayansu, ɗan sama kaɗan, akwai wasu ƙananan kofatai biyu da ba su kaiwa ƙasa idan dabbar tana tsaye a kan tsandauri. Masana suna lissafa manyan a matsayin yatsa na uku da na huɗu, ƙananan kuwa na biyu da na biyar ne da suka ƙanƙance. A ƙafar doki abin ya wuce haka: yatsa ɗaya ne tak ke ɗauke da shi, sauran biyun sun zama siraran ƙasusuwa manne da ƙwauri a ƙarƙashin fata. Idan aka nuna wa mahauci waɗannan ƙananan kofatai aka ce "marasa amfani", zai ɗaga kafaɗa ya ci gaba da aikinsa, don ba a gaya masa kome ba. Idan kuwa aka ce masa ragowar yatsu ne, sai ya juya ƙafar ya sake dubawa.

Haka abin yake ga ido. Wanda ya taɓa riƙe kaza zai yanka ya ga wani farin mayafi da ke sharo idonta daga gefe. Sa ma yana da irinsa. A idon mutum kuwa abin da ke wannan gurbi shi ne 'yar tattarar nan ja-ja da ke lungun ido ta wajen hanci, "plica semilunaris", wato ninki mai siffar rabin wata. Ba ta rufe ido, amma tana taimaka wa jujjuyawarsa da gangarar hawaye. Jaki yana karkata kunnensa duk inda motsi ya fito, mutum ma yana da tsokokin kunne, sai dai kaɗan ne ke iya motsa su. Kuma idan Bahaushe ya ce tsikar jikinsa ta tashi, aikin wasu ƙananan tsokoki yake bayyanawa a gindin kowane gashi, irin waɗanda ke sa gashin kyanwa ya miƙe idan ta ga kare. A jikinmu gashin ya yi ƙaranci, tsokar kuwa tana nan tana aikinta.

Harshen unguwar kansa yana da nasa misalin. Sunan Sango da ake ji a Agege da Ota da Ibadan daga "zango" yake, masaukin fatake da dabbobinsu, kuma bai da alaƙa da sunan abin bautar nan na Yarabawa da ke farawa da sautin "sh". Ayarin fatake ya daɗe da daina sauka, amma sunan yana nan yana aiki, kwandastan mota yana kiransa, fasinja yana sauka. Babu mai cewa sunan ba shi da amfani don aikinsa na farko ya wuce.

5.0 Wace Kalma ta Dace?

Aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi a Hausa ya fi ƙarfi a fannin harshe da adabi. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, shi ya ba mu damar rubuta nahawu da Hausa ba tare da rancen kowace kalma ba. Ilimin ƙirar jiki bai sami irin wannan gata ba, shi ya sa kowane malami yake ƙirƙirar tasa a gaban allo. Ga kalmomin da suka fi kusa.

"Sawu" ita ce fassarar kai-tsaye, amma ba ta zauna ba. A Hausa sawu alama ce da ƙafa ta bari, ƙafar kuwa ta tafi. Ƙaramin kofaton sa ba alamar yatsa ba ne, yatsan ne da kansa ya ƙanƙance. Latin ya yarda "vestigium" ya miƙe ya rufe wannan ma'ana, Hausa ba ta ba "sawu" wannan izini ba, kuma "gaɓar sawu" za ta sa mai sauraro ya nufi ƙafa. Wannan darasi ne ga masu ganin cewa da zarar an gano asalin kalma an gama fassara ta.

"Kufai" tana da kyan hoto, domin tana nuna wurin da aka zauna aka tashi. Matsalarta ita ce kufai ba kowa a cikinsa, don haka ta komo da mu ga rashin amfanin da muke gudu. "Ɓurɓushi" tana nuna abin da ya farfashe ya warwatse, alhali waɗannan gaɓoɓi a tsare suke, kowace a gurbinta. "Saura" da "ragowa" ba su yi ƙarya ba, sai dai sun yi faɗi da yawa. Ragowar tuwo ma ragowa ce, kuma keɓaɓɓiyar kalma tana bukatar ta ɗan tsaya daban.

A tawa fahimtar, "gyauro" ta fi su duka. Manomi ya san gyauro: shukar da ta fito da kanta a gona daga abin da amfanin bara ya bari, ba wanda ya shuka ta bana. Tana da rai, irin ta bara ce, yawanci ba ta kai ta baran ƙarfi ba, kuma ganinta yana gaya wa mai wucewa abin da aka noma a wurin. Kalmar ba ta yanke hukunci kan amfani ba. Wani gyauron a ci, wani a tuge, wani kuma, kamar ɗanyen tohon dawa, yana iya kashe saniyar da ta yi kiwonsa, kamar dai yadda afendis ke zaune lafiya shekara da shekaru sa'an nan wata rana ta kai mutum asibiti. Manazarta al'ada sun riga sun ɗauko kalmar daga gona, suna cewa gyauron wata tsohuwar al'ada, don haka kunnen mai karatu ya saba da ita a ma'ana ta aro. Tana kuma shiga ginin jimla ba tare da tilas ba: gyauron gaɓa, gyauron yatsa, gyauron wutsiya, gyauron fatar ido.

Akwai suka guda biyu da na hango. Na farko, gyauro cikakken tsiro ne da ya sake fitowa, gaɓar kuwa ɓangare ce ta jiki. Wannan gaskiya ne, amma kowace keɓaɓɓiyar kalma da aka aro daga rayuwar yau da kullum sai ta bar wani abu a baya. "Ɗafa-goshi" da na yi amfani da ita a sama ba ta sa kowa ya nemi goshi a jikin kalma ba. Na biyu ya fi ƙarfi, kuma daga Agege ya fito: yaron da aka haifa a Legas, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, Hausarsa kuma ta cakuɗe da Yarabanci da Ingilishin kasuwa, mai yiwuwa bai taɓa jin "gyauro" ba. Na gwada kalmar a kan wasu daga cikin ɗaliban makarantar da na ambata. Waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a Arewa suka gane nan take, haifaffun unguwar kuwa sai da aka yi musu bayani. Bayanin bai wuce jimla biyu ba, kuma ɗan mahaucin nan ne ya fara cewa, in haka ne, ƙananan kofatan da yake gani a wurin aikin babansa gyauron yatsu ne.